Faifan waje, akwatin NAS ko gajimare: ina ya dace ka ajiye kwafin waƙoƙinka?

Tun shekarar 2013 kamfanin Backblaze, wanda sana'arsa ita ce ajiye wa mutane bayanai, yake fitar da alƙaluman faya-fayan ajiyar kwamfuta da ke mutuwa a rumbunansa. Waɗanda yake riƙe da su sun haura 200,000, kuma a mafi yawan shekaru abin da ke lalacewa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, amma fa waɗannan faya-fayai ne da ke zaune a ɗaki mai sanyi, ba mai jijjiga su, ba mai fizge musu waya. Naka da ke yawo a jaka, ko wanda ke gefen tebur inda gwiwar hannu za ta iya ture shi, lissafinsa daban ne. A cikin kowane faifai mai juyawa akwai faranti da ke zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa.

Ba kullum yake sallama kafin ya tafi ba. Faya-fayan zamani suna da tsarin duba lafiyar kansu da ake kira SMART, sai dai binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, kan faya-fayai sama da 100,000, ya nuna cewa kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ta wannan tsarin ba. Jiya lafiya lau, yau ka kunna sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kwamfuta ta ce ba ta san da shi ba.

Tarin waƙoƙi yana da halinsa, kuma halin nan shi ya kamata ya yanke maka hukunci. Bai cika girma ba idan an kwatanta da bidiyo. Waƙar MP3 mafi inganci, wato mai kilobit 320 a daƙiƙa, tana cin kusan MB 2.4 a minti, don haka waƙa 10,000 masu tsawon minti 4 ba za su wuce GB 100 ba. Idan FLAC ne, wato tsarin da ba ya rage ingancin sauti, albam ɗaya da aka kwafo daga CD yana cin wajen MB 300, faifai mai TB 1 kuwa zai ɗauki kusan albam 3,000. Sannan fayilolin ba sa canzawa kullum kamar takardun ofis. Ƙari ake yi a kansu kaɗan-kaɗan. Wahalar da ke ciki ba a iya ganinta da ido: daren da aka kwashe ana gyara sunan mawaƙi, ana saka shekara da hoton bango, ana tsara jerin waƙoƙi. Akwai kuma waɗanda idan suka tafi sun tafi ke nan, irin kaset ɗin da ka juya zuwa kwamfuta kafin zarensa ya tsinke, faifan garmahon da ka aro ka mayar, ko waƙar da kai da kanka ka ɗauka. Kafin ka sayi komai, ware waɗannan a folda guda. Sau da yawa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na tarin ba, amma su ne ainihin abin da kake karewa.

Mutuwar faifai kuma ɗaya ce cikin hanyoyin asara. Akwai gogewa bisa kuskure, akwai ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, akwai ɓarawo da gobara da ambaliya, akwai kuma lalacewar da ke cin fayil a ɓoye har sai ranar da waƙa ta yi tsalle a tsakiya. Kowace hanyar ajiya tana tare wasu daga ciki ta bar wasu a buɗe.

Faifan waje

Wannan, wato faifan da ake jonawa da kwamfuta ta waya, shi ne mafi sauƙi, kuma ga mafi yawan mutane shi ne mafari. Ƙaramin nan mai shan wuta ta wayar USB yana kaiwa TB 6. Babban, mai filogin kansa, ya fi haka nesa. Kwafi yana sauri, maidowa ma haka, ba ruwanka da intanet, ba kuɗin wata-wata. Idan faifan kwamfutarka ya mutu da safe, kafin yamma ka koma sauraren kayanka.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne yadda ake yin kwafin. Manhajoji irin su FreeFileSync, robocopy na Windows da rsync duk suna da tsarin madubi, wanda ke mai da faifan waje daidai wa daida da na ciki. Ka ɗauka ranar Talata kana gyara, sai manhajar gyaran sunaye ta shafe sunan mawaƙi a waƙa 2,000, ko hannunka ya zame ka goge babbar folda ba ka lura ba. Cikin dare manhajar kwafi ta tashi a kan lokacinta, ta kwatanta ɓangarorin biyu, ta ga akwai abin da ke waje wanda babu shi a ciki, ta goge shi. Waƙoƙin da aka ɓata sunayensu kuma ta ɗauko su ta danne masu kyau da su. Da safe ka tarar da koriyar alama, an kammala ba matsala. Bayan wata uku ka je neman albam ɗin, babu shi a nan, babu shi a can. An gudu ba a tsira ba.

Maganin wannan yana cikin saiti. FreeFileSync yana da zaɓin da zai riƙa kwashe duk fayil ɗin da za a goge ko a danne zuwa wata folda mai kwanan wata. Shi ma rsync yana da irinsa. A kwamfutar Apple, Time Machine, wanda ya zo tun 2007, yana riƙe tsofaffin kwafi har sai faifan ya cika, sannan ya fara share mafi tsufa. Shi ya sa ake so faifan ya ninka abin da za a ajiye. Windows na da File History mai yin kusan haka. Tunda waƙoƙi ba sa yawan canzawa, riƙe tsofaffin kwafin ba ya cin wuri sosai, don haka ba ni ganin dalilin da zai sa mutum ya bar wannan a kashe.

Rauni na biyu shi ne wurin zama. Faifan da ke maƙale da kwamfuta dare da rana, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi: tsawa, ƙwayar cuta mai kulle fayil, ɓarawon da zai haɗa su ya sa a jaka ɗaya. Wanda aka cire aka sa a aljihun tebur ya tsira daga biyun farko, amma shi kuma mantuwa ce ke cinsa; sai ka duba ka ga rabon da a sabunta shi tun bara. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne faifai biyu masu karɓa-karɓa. Ɗaya yana gida, ɗaya yana wani gini daban, wurin aiki ko wurin ɗan'uwa, ana musanya su duk wata. Idan da hali kada su zama iri ɗaya da aka saya rana ɗaya, domin 'yan gida ɗaya sukan zo da aibi ɗaya. Mai ɗaukar hoton nan ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a nesa. Faifai biyu masu karɓa-karɓa tare da na cikin kwamfuta sun kusa cika ta ba tare da an taɓa intanet ba.

Wani ɗan abu da ake rainawa: tsarin da aka yi wa faifan. Idan tsakanin Windows da Mac za ka riƙa yawo da shi, exFAT ne ke aiki a duka biyun, sai dai bai da juriya idan aka fizge waya ana cikin rubutu. Idan kwamfuta iri ɗaya ce, NTFS a Windows ko APFS a Mac sun fi aminci.

SSD, wato faifan ajiya na lantarki zalla, fa? Ba shi da abin da ke juyawa, don haka faɗuwa ba ta cika yi masa illa ba, ga sauri. Don tarin da kake saurara kullum ko kake tafiya da shi, ya fi. Don ajiyar da za a jefa a akwati a manta, ban ba da shawararsa ba. Bayanansa caji ne na lantarki da ke riƙe a cikin ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zurarewa a hankali. Ma'aunin JEDEC, hukumar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, ya buƙaci SSD na gida da ya ƙare wa'adin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara 1 a kashe, a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka, amma zafi yana rage kwanakin. Idan kuma ya mutu, yawanci farat ɗaya ne, ceto bayanai daga cikinsa ya fi na mai juyawa wuya. Filash da katin memori kuwa na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can. Jabunsu ma sun yi yawa: zai rubuta TB 1 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai kai ko kusa ba, sabon abin da ka zuba yana danne tsoho. Ƙaramar manhajar H2testw tana tona asirinsu.

Akwatin NAS

NAS ƙaramar kwamfuta ce mai ramin faifai biyu ko huɗu ko fiye, wadda ke zaune a kan hanyar sadarwar gida. Synology da QNAP ne sanannun masu ƙera su, wasu kuma sukan haɗa nasu da manhajar TrueNAS. Daɗinsa a fili yake. Waƙoƙinka suna wuri guda, waya da talabijin da kwamfuta duk suna ja daga nan ta manhajoji irin su Plex, Jellyfin ko Navidrome. A tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, don haka biyu masu TB 4 kowanne, TB 4 kawai za su ba ka, amma idan ɗaya ya mutu kiɗa bai tsaya ba. Ka zare mataccen, ka zura sabo, akwatin ya sake gina kansa.

A nan ne mutane da yawa ke miƙe ƙafa, suna ganin sun gama. RAID madubi ne, kuma ya fi wancan na manhaja saurin yaɗa kuskure, domin shi ba ya ma jiran dare: ka goge, an goge a duka biyun nan take. Faya-fayan suna akwati ɗaya, a kan wuta ɗaya, a ɗaki ɗaya. Lokacin sake gini kuma shi ne mafi hatsari, saboda faifan da ya rage, wanda sa'an mataccen ne, sai an karanta shi kaf daga farko zuwa ƙarshe.

Sannan akwati ne da ke kunne kullum, sau da yawa ƙofarsa a buɗe ga intanet. A watan Yunin 2021 masu amfani da akwatin My Book Live na kamfanin Western Digital a ƙasashe daban-daban suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Na'urar rabonta da sabuntawa tun 2015. A watan Afrilun 2021 ƙwayar cutar Qlocker ta kulle fayilolin masu QNAP, a Janairun 2022 kuma DeadBolt ta biyo baya. Wanda kwafinsa kaɗai ke cikin akwatin, sai dai ya biya ko ya haƙura.

Duk da haka akwai abu biyu da NAS mai kyau ke yi wanda faifan waje ba ya yi. Idan tsarin fayilolinsa Btrfs ne ko ZFS, yana riƙe da tambarin lissafi na kowane guntun bayani, yana bi lokaci-lokaci yana dubawa, idan ya tarar wani ya lalace sai ya gyara daga ɗaya faifan. Yana kuma ɗaukar hoton yadda folda take a wani lokaci, ta yadda za ka iya komawa yadda abubuwa suke makon jiya. Waɗannan suna da amfani ƙwarai, amma sai ka kunna su da kanka, ka riƙa sabunta manhajar akwatin, ka rufe shi daga intanet idan ba dole ba, ka kuma haɗa shi da batirin ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Ra'ayina shi ne NAS wurin zaman tarin waƙoƙi ne, mai kyau kuwa, amma shi ma yana buƙatar nasa kwafin. Wanda tarinsa bai kai TB 2 ba, kuma a kwamfuta ɗaya yake saurare, kuɗin akwatin gara ya sayi faifan waje biyu da su.

Gajimare

Gajimare shi ne ajiye fayiloli a kwamfutocin wani kamfani ta intanet. Abubuwa uku mabambanta ake kira da wannan suna, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo da-na-sani.

Na farko su ne Dropbox, Google Drive da OneDrive. Aikinsu daidaita folda tsakanin na'urori, wato su ma madubi ne. Abin da ya ɗan cece su shi ne kwandon shara: a Google Drive da ƙaramin tsarin Dropbox, abin da aka goge yana zama kwana 30. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ihu bayan hari. GB 15 da Google ke bayarwa kyauta ba zai ɗauki babban tari ba, amma yana iya ɗaukar foldar nan ta abubuwan da ba su da madadi.

Na biyu su ne masu ajiyar ko-ta-kwana na gaske, irin Backblaze da IDrive. Manhajar tana aiki a bayan fage, tana riƙe tsofaffin kwafi, ba sai ka tuna ba, kuma gobara ko sata ba ta kai gare su. A karanta sharuɗɗa dai. Tsarin Backblaze na gida ba ya ɗaukar abin da ke kan NAS, kuma a asalin saitinsa faifan waje sai an riƙa jona shi aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba a ɗauka an goge shi. Masu ɗan sanin kwamfuta sukan yi hayar fili zalla, kamar B2 na Backblaze ko Glacier Deep Archive na Amazon, su tura da manhajar rclone ko restic. Na Amazon ɗin yana da arha a ajiye, amma ɗebowa sai an jira awa 12 zuwa 48, kuma a nan ne cajin yake. Babbar wahalar wannan hanya ita ce turawar farko: GB 500 a kan layi mai saurin tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci kusan kwana 5 ba tsayawa. Ranar maidowa ma haka za ka zauna jira.

Na uku su ne dandalin kiɗa da ke barin ka ɗora naka. Waɗannan ne na fi jan kunne a kansu. iTunes Match da Apple Music, idan suka gane waƙarka, ba sa ɗaukar fayil ɗinka. Nasu suke ba ka, a tsarin AAC mai kilobit 256. Idan naka bugu ne na daban ko mai inganci fiye da haka, kuma ka goge shi saboda ka ga waƙar tana sama, to ka yi musaya ba da saninka ba. Apple da kansa ya faɗa cewa wannan ba wurin ajiyar kwafi ba ne. Abin da ka sauke a Spotify kuwa a kulle yake, aro ne, yana ɓacewa ranar da ka daina biya ko yarjejeniyar mai waƙar ta ƙare.

Tarihin kamfanonin ma abin dubawa ne. A Nuwamban 2015 Microsoft ya janye alƙawarin fili mara iyaka a OneDrive. A 2017 Amazon ya yi haka, daga baya ya rufe Amazon Drive baki ɗaya a ƙarshen 2023. A 2017 ɗin dai kamfanin ajiya na CrashPlan ya sanar da sallamar masu amfani na gida. Google Play Music, da ke karɓar waƙa har 50,000 daga mutum ɗaya, ya rufe a ƙarshen 2020, aka share abin da ya rage a Fabrairun 2021. Waɗannan sun ba da wa'adi, wanda ya karanta saƙonsa ya kwashe kayansa. Dandalin MySpace bai ba kowa wa'adi ba: a Maris 2019 ya amsa cewa waƙoƙi kusan miliyan 50, waɗanda aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, sun salwanta wajen sauya sabar. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.

Faifan ƙonawa da kaset

CD mai MB 700 da DVD mai GB 4.7 sun yi ƙanƙanta, kuma rinin da ke jikin waɗanda ake ƙonawa a gida yana lalacewa da zafi da haske. Blu-ray mai GB 25 zuwa 100 ya fi, musamman M-DISC da masu shi ke iƙirarin zai yi shekara 1,000, iƙirarin da ba mai iya jira ya tabbatar. Fa'idarsa ɗaya ce tak amma babba: abin da aka ƙona ba ya goguwa, ba kuskure ba ƙwayar cuta. Ya dace da ƙaramar foldar nan ta musamman, muddin ka tanadi na'urar karanta shi, don yawancin sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ita. Kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO na manyan ma'aikatu ne. Tsadar na'urarsa ta fi ƙarfin tarin waƙoƙin mutum ɗaya.

To wanne za a ɗauka?

Idan tarinka bai wuce GB 200 ba, faifan waje ɗaya mai riƙe tsofaffin kwafi, da kwafi na biyu a gajimare, sun wadatar. Idan ya kai TB 1 ko 2, ko intanet ɗinka ba shi da ƙarfi, faifai biyu masu karɓa-karɓa, sannan foldar abubuwan da ba su da madadi kaɗai ta hau gajimare. Mai TB 5 zuwa sama, ko gidan da mutane da yawa ke saurare, shi NAS ya dace da shi, tare da babban faifan waje da ake jonawa a kwafa a cire a kai wani wuri. Wanda kuma faifai ɗaya kawai zai iya saya a yanzu, ya saya yau ɗin, ya kwafa, ya cire shi daga kwamfuta. Sauran tsari ya biyo baya.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka manta da bayanan manhajar saurare. Jerin waƙoƙi, taurarin da ka ba kowace waƙa da yawan saurare galibi ba sa cikin fayil ɗin waƙar. Suna cikin wani fayil na daban a foldar iTunes, MusicBee ko foobar2000, masu haɗa kiɗa, wato DJ, kuma nasu yana cikin Serato ko Rekordbox, har da alamomin da suka sa a kowace waƙa. Mutum zai maido waƙoƙinsa cif-cif ya tarar jerin da ya yi shekaru yana ginawa babu shi. A saka wannan foldar cikin kwafi, a kuma fitar da jerin a tsarin M3U, wanda kusan kowace manhaja ke karantawa.

Sai gwaji. Sau biyu a shekara, jona faifan a wata kwamfuta daban, ɗauko albam daga tsohuwar folda da ba ka taɓa ba da daɗewa, ka saurara har ƙarshe. Daga gajimare ma sauko da wani abu ka gani ko kalmar sirrinka tana aiki. Masu FLAC suna da gata a nan, domin kowane fayil yana ɗauke da tambarin MD5 na sautin da ke cikinsa, kuma manhajar FLAC ko foobar2000 za ta bi dubban fayiloli ta fito maka da waɗanda suka lalace. Masu MP3 sai su sa manhajar kwafi ta kwatanta abin da ke cikin fayilolin, maimakon girma da kwanan wata kawai. Yana ɗaukar lokaci, a bar shi ya kwana yana yi. Idan kuma ka kulle kwafinka da kalmar sirri, kamar yadda restic ke yi, rubuta ta a takarda ka ajiye inda ba a kan kwamfutar ba, don idan ta ɓata ko kamfanin da ke riƙe da kayan ba zai iya buɗe maka ba.